Allurar da Yaya Saratu Ta Daina

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayata, Malama Saratu, a Madakiya. Lissafi ta koyar a firamare har ta yi ritaya, kuma ba mace ce mai raki ba.

Da aka gano tana da ciwon suga, wani asibiti a Kafanchan ya ɗora ta a kan allurar insulin. Sugan ya sauka da sauri, muka yi ta godiya ga Allah. Bayan 'yan makonni ƙafafunta suka soma raɗaɗi kamar ta taka garwashi. Ko zane ya taɓa su sai ta yi ƙara. Takalmi ya gagare ta, ta daina zuwa sujada.

"Bulus," ta ce mini, "kafin allurar nan ƙafata lafiya lau. Je ka tambaye su."

Na je. Likitan ya ce haka ciwon yake, ya kira na gaba. Wasu matan zumuntar cocinmu suka fara raɗa cewa da hannun mutum a ciki, har suka daina gaisawa da maƙwabciyarta. Ni kuma, Allah ya gafarta mini, na ɗauka tsoron allura ne kawai.

Da ta ga babu mai saurarenta, sai ta daina allurar a ɓoye, ta koma shan jiƙon wani mai lasifika a kasuwa. Ba mu sani ba sai ranar da ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Kwana uku ta yi a asibiti, ta rasu.

Bara 'yata, wadda yanzu nas ce, ta bayyana mini cewa idan aka sauke suga da gaggawa, jijiyoyi kan yi irin wannan zafi. Akwai maganin da ke rage shi, kuma sau da yawa yakan lafa bayan watanni. Tun ranar nake tambayar kaina: likitan bai sani ba ne, ko kuwa layi ne ya yi masa tsawo?

Da Yaya za ta dawo yau, za ta tarar masu jiƙon sun bar kasuwa sun shigo waya, kowa da rantsuwarsa. Ba na jin za ta sake yarda da su. Ban tabbata za ta yarda da mu ba.

Watan jiya aka ce ni ma sugana ya hau. Zan sha magani, wannan babu gardama. Amma na rubuta tambayoyina a takarda, kuma gobe ba zan tashi daga kujerar likita ba sai an amsa kowace ɗaya. Abin da ta bar mini ke nan.