Tukunyar Da Aka Ba Hajara

Yau shekara bakwai da rasuwar ƙanwata Hajara, kuma har yanzu ban daina kishi da ita ba. Allah ya yafe mini.

Tare muka koyi ginin tukunyar tace ruwa a Zongon Parakou. Yumɓu ake kwaɓawa da ɓuntun shinkafa a gasa. Ɓuntun ya ƙone, ya bar 'yan kafofin da ruwa zai tsattsafo ta cikinsu, datti ya tsaya. Asirin duk yana wurin wuta. In ta yi yawa kafofin su toshe, a yini ba a tara kofi ɗaya ba. In ta gaza, tukunya ta yi ta zuba kamar rariya, ko ta marmashe a hannu.

Ni ce babba, ni na fara ginin tukwane, amma Hajara ce ta san wuta. Leƙa tanderu kawai take yi ta ce a janye itace. Nawa kuwa rabi toshe, rabi rariya. Sau biyu tana cewa in zo in tsaya kusa da ita in ga launin da take jira. Na ce mata tun tana goye nake taɓa yumɓu.

Yanzu ina da na'urar auna zafi, ina ƙara wuta sannu-sannu, ina barin tanderu ya huce da kansa. Da Hajara ta ga ina bin allurar na'urar da ido kamar mai jiran sakamakon asibiti, dariya za ta yi har ta riƙe ciki. Ba don kuɗi nake wannan wahala ba. So nake sau ɗaya a kira sunana, a ce tukunyar Binta.

Bana na samu wadda ban taɓa yin irinta ba. Na kai ta kasuwar Djougou wurin Hajiya Ladi, wadda ta daɗe tana sayen na Hajara. Ta ƙwanƙwasa ta da zobe, ta zuba ruwa, muka zauna muna kallon ɗigo. Sai na ga tana share hawaye.

"Binta, ashe kin ɓoye ɗaya daga cikin na marigayiya. Allah ya jiƙan wannan hannu."

Na buɗe baki in ce tawa ce, makon jiya na gasa ta. Amin ce ta fito.