Rubutun Baba a Ƙofar Mota

Babana ya ƙare rayuwarsa yana rubutu, amma da ya rasu na duba gidanmu kaf ban sami rubutun hannunsa ba sai a jikin ƙofar mota. Malamin allo ne kuma manomi, a ƙauyenmu da ke gefen Minjibir. Abin da ya rubuta wa yaran gari, in sun haddace sai a wanke a sake wani. Wanda ya yi wa marasa lafiya an wanke an shanye. 'Yan takardun da ya bari a akwati kuwa, gara ta riga mu zuwa.

Motar tsohuwa ce shuɗiya, ta girmi wasu daga cikin ƙannena. Ranar da ya sayo ta ya fiƙe kara, ya tsoma a farin fenti, ya rubuta addu'ar hawa abin hawa a ƙofar direba, ƙasa da gilashi, da rubutun nan nasa mai kauri irin na allo. Fentin ya bushe da ɗan tudu, ana jin sa a yatsa. Bayan rasuwarsa motar ta dawo hannuna, ina ɗaukar gyaɗa da ita zuwa kasuwa. Inna kuwa, da idonta ya yi rauni, kullum da safe in za ta kai wa ragonta dusa sai ta biyo ta wajen motar ta shafa rubutun nan daga dama zuwa hagu, ta wuce.

Ragon nan shi ne ya ja mana. Fari ne mai murɗaɗɗen ƙaho, Inna ta kiwata shi don layya, ta sangarta shi har ba ya ganin kowa da gashi. Ana saura kwanaki Babbar Sallah na ce bari in yi wa motar gata. Na wanke ta da sabulu, na samo man gogewa na murza ta har tana ɗaukar ido, na ajiye ta a inuwar darbejiya kusa da turkensa, na shiga zaure shan fura. Ban kai ga rabin kwanon ba na ji gwaf! Kafin in miƙe na sake jin wani. Ashe ɗan banzan ya tsinke igiya, ya leƙa ƙofar, ya ga wani ƙaton rago yana harararsa daga ciki, shi kuma ya ce ba a isa ba.

Da na fito na tarar ƙofar ta lotsa kamar gindin tsohuwar tasa, kuma daidai tsakiyar rubutun. Wallahi ban san lokacin da na ɗauki taɓarya ba. Na bi shi muka zagaye rumbu, ina zaginsa, ina gaya masa Allah ya kai mu ranar Sallah, da hannuna zan riƙe ƙafarsa. Shi ko a jikinsa, ya koma kan harawarsa. Inna ta fito tana laluben bango, ta kai hannu kamar yadda ta saba, sai hannun ya faɗa rami. Ni da nake ta hayaniya sai na ajiye taɓaryar.

"Ko me za a yi," in ji ta, "kada a sa wa rubutun Malam wuta, kada a sa masa guduma."

Da barin ta a haka zai yiwu da na bari. Amma gilashin ya daina sauka, kuma damina ta fara. Na san ruwa zai sami hanya ta inda ƙarfen ya lanƙwashe, tsatsa ta biyo baya ta cinye fentin daga ƙasa. Washegari na kai motar Ɗanbatta wajen wani mai gyaran bodi. Ya ƙwanƙwasa ƙofar ya ce ƙaramin aiki ne: zai gasa wurin da wuta, ya buge shi, ya kankare fentin, ya cike ramin da fila, ƙullin nan da ake shafe bodi da shi, ya fesa sabo. Na nuna masa rubutun. Ya ce kada in damu, yana da mai rubutun allon shago da zai yi mini wanda ya fi wannan kyau. Na ce masa in ya ga wanda ya fi ubansa kyau ya je ya musanya uban da shi. Da ƙyar maƙwabcinsa ya shiga tsakani. Wani kuma ya ce in sayi ƙofa ta hannu, 'yar kwatano, in rataye wannan a ɗaki. Na yi kwanaki abinci ba ya mini daɗi.

Wani direban bas da ke jigilar Kano shi ya ba ni labarin wani mutum a Rijiyar Zaki, wai yana fitar da lotsawa ba wuta ba fenti. Ban yarda ba, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Na yi sammako na tafi.

Mutumin gajere ne mai ƙiba, kuma bakinsa ba ya hutawa. Kafin ya dubi motar ya gaya mini motocin manya nawa ya gyara, da yadda masu guduma ke jin haushinsa. Na ce a raina yau na gamu da gamona. Da ya tsuguna gaban ƙofar sai ya yi shiru. Ya tambayi wanda ya yi rubutun, na gaya masa. Ya ce ba zai ɓoye mini ba, fentin tsohuwar mota ya riga ya bushe ƙayau, yana iya tsagewa in ƙarfen ya motsa, kuma in ya tsage ba shi da maganinsa. Amma ba ni da wata hanya. Na ce bismillah.

Ya sa na juya motar ƙofar ta fuskanci rana, ya ce sai fentin ya sha ɗumi ya yi laushi. Ya je ya yi alwala, ya ce ba zai taɓa ayar Allah haka nan ba, kuma nan ne na fara ganin girmansa. Ya kwance marfin ƙofar na ciki, ya shimfiɗa wasu sandunan ƙarfe dogaye da gajeru masu lanƙwasasshen baki. Ya kafa wani farin allo mai baƙaƙen layuka a gefe, yadda inuwarsu za ta faɗa jikin fentin. Ya ce inda layin ya karkace nan ne ciwon. Sai ya zura sanda ta baya ya fara turo ƙarfen, daga gefen ramin yana zagayowa ciki, a hankali kamar mai tausar jariri.

Ban taɓa ganin aiki mai cin rai irin wannan ba. Sai ya daɗe yana turawa, in duba in ga ba abin da ya canja. Na zauna, na tashi, na zagaya, na dawo na tsaya a kansa har ya ce ina tare masa haske, in je in sha shayi. Ban je ba. Duk lokacin da ƙarfen ya yi ƙara sai in leƙa baƙaƙen Baba ɗaya bayan ɗaya. Bayan azahar ramin da ya kai faɗin faifai ya koma kamar tafin hannu, surutun mutumin kuma ya dawo, alamar ya ga hanya.

Wajen la'asar ya zare sandarsa. Ƙofar ta miƙe, gilashi na hawa yana sauka, rubutun yana nan fari tas, ko wasali bai ɓare ba. Sai wani ɗan gurbi kamar na babban yatsa da ya rage ƙarƙashin kalmar ƙarshe, inda tsinin ƙahon ya sauka. Halina ya motsa, na ce ya ƙarasa mana. Ya ce ko zan yanka shi ba zai ƙara turawa ba, fentin wurin ya kai maƙura. Na buɗe baki zan yi musu, sai na tuna abin da na zo ceto. Na ja bakina na yi masa godiya har da riƙe hannu. Na zauna a kan benci na yi hamdala.

Na iso gida rana na shirin faɗuwa. Inna na zaune a bakin zaure, ta ji ƙarar motar tun daga kan burtali. Na kama hannunta na kai ta wajen ƙofar motar. Ta ɗora yatsu a farkon rubutun ta bi shi a hankali, leɓenta na motsi. Da ta zo ɗan gurbin ta tsaya, ta danna, ta wuce, har ta kai ƙarshe. Sai ta koma farko ta sake bi.

"Hannunsa ne," in ji ta. "Ba a taɓa shi ba."

Na juya baya ina gyara madubin da babu abin da ya same shi, don hawaye sun zo mini. Ita kuwa ta sa aka mayar da turken ragon can bayan rumbu, ta ce kuma in daina goge mota kamar ta amarya. Ranar Sallah na cika alkawari na riƙe ƙafarsa. Washegari da safe babu ragon da za a kai wa dusa, amma na hango ta ta fito tana laluben bango, ta nufi wajen motar.