Ƙanƙarar Zayyanu

Duk garin Maikujera babu wanda ya tsani ƙanƙara kamar Malam Bube. Yana saurayi ta sauko wata damina, manya-manya kamar ƙwan zabi, ta kwantar da geron gidansu tas, ta kashe musu akuya biyu. Shekarar nan da kwaɗon tafasa suka rayu. Tun daga nan in aka ambace ta sai ya nemi tsari.

Manomi ne na gero da albasa, ga taurin kai, ga tsadar dariya. Da albasar da yake kaiwa kasuwar Goronyo ya yi wa ɗansa Zayyanu karatu, har ya samu gurbi a wata jami'a a Turkiyya. Shekara uku ba su sa juna a ido ba. A cikinsu ne idon Bube na hagu ya mutu, na dama ya fara dushewa. Likita bai ɓoye masa ba, ya ce watanni suka rage. Abu ɗaya Bube yake so, ya ga fuskar ɗansa kafin hasken ya ƙare. Zayyanu ya yi alkawarin zuwa a hutun Janairu, uban ya ɗaure rago yana ta ɗura masa dusa.

Saura mako guda, saƙon murya ya shigo wayar Mashkura, ƙanwar Zayyanu: "Baba, a yi haƙuri, ba ni samun zuwa. Muna bisa duwatsu cikin ƙanƙara, ta kai har gwiwa."

Bube ya dafa bango. "Har gwiwa? Innalillahi! Wadda tac cinye muna gero ko idon sawu ba ta kai ba. Mi yar rage ga mutanen ga?"

An kira wayar Zayyanu ba ta shiga. Bube ya sa aka yanka ragon aka raba sadaka. Ranar Juma'a, mutumin da bai taɓa roƙon kowa ko allura ba ya miƙe a masallaci ya nemi a sa ɗansa a addu'a. Har daga garin Tursa aka zo masa jaje.

Kwana huɗu sai ga bidiyo. Mashkura ta kalla, ta sake kallo.

"Mi kig gani? Shina da rai?"

"Lahiya lau yake, Baba. Wasa su kai. Sun ɗaura katakai ga ƙahwahunsu, suna sulɓi daga bisa dutsi. Hutu na sunka tahi, shi da abokanai."

"Hutu? Cikin ƙanƙara?"

"Wai har biya ake a shiga."

Da wani uba ne da ya tsine. Bube kuwa bai tsine ba, kuma wallahi abin da ya fi ba ni takaici ke nan. Hannu kawai ya miƙa ya karɓi wayar. Ya fito tsakar gida inda rana ta fi ƙarfi, ya kanga wayar dab da idonsa na dama. Ko ba komai, ai ga ɗan nasa a ciki, zai gani.

Fari ya gani fat, da wani abu ja yana gangarowa. Mashkura ta tsayar masa da hoton daidai inda Zayyanu ya juyo yana ɗaga hannu. Hular kwano ce a kansa, ƙaton tabarau ya rufe idanun, mayafi ya rufe daga hanci har wuya.

Bube ya daɗe yana duba, idon na zubar ruwa.

"Mashkura," ya ce, "ke da ka gani, shi na kuwa?"