Bidiyon da Ban Kalla Har Ƙarshe Ba

Shekaru sun ɗan ja, kuma a lokacin ba na cikin natsuwata, don haka mai yiwuwa na cakuɗa abin da na gani da abin da aka ba ni labari. Zan faɗi iya abin da nake jin na riƙe.

Na gama jami'a da bautar ƙasa, ina zaune a Gwadangaji ba aiki, sai kallon waya. Ana yaƙi a wata ƙasa mai nisa, hotuna na zuwa ba ƙaƙƙautawa: bene ya rufta kan mutane, uba rungume da gawar ɗiyarsa, ƙafa ɗaya cikin takalmi a bakin titi. Gani nake in na kau da kai na ci amanarsu. Hannuna ya fara rawa. Ranar da maƙwabta suka yanka ragon suna, na ga jini na bin rariya, sai da na yi amai.

A majalisarmu, gindin dogon yaro inda masu keke-napep ke tsayawa, duk bidiyon da ya zo da Turanci ni ake miƙa wa, ɗan boko, in ce gaskiya ne ko ƙarya. Abin da na ce shi ake kaiwa gida.

Wata rana da hantsi wani direba ya miƙo mini wayarsa. An rubuta wai 'yan arewa ake kashewa a kudu. Mutum ne kwance, an rataya masa taya, ana saran sa da adda yana tarewa da hannu. Na runtse ido. Kunya ta hana ni cewa ba zan iya kallo ba. Na mayar masa da wayar, na ce da alama gaskiya ne.

Tsallaken titi akwai shagon wani ɗan kudu mai sayar da kayan gyaran keke, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta zama irin tamu. Oga suke ce masa. Ni kuwa kullum sai ya tsokane ni da Malam Digiri. Can masu keken suka nufa. Dutse ya fara sauka kan allon shagon, sannan suka jawo shi waje. Na ga sifana ta tashi sama, na ji ƙarar saukarta a fuskarsa. Yana kiran su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, jini na shiga bakinsa. Wani tsoho mai sayar da albasa ne ya faɗa kansa, ya lulluɓe shi da babbar riga.

"Wanda duk ka son bugun shi, shi hwara da ni," in ji tsohon.

Suka ja da baya. A cikin keken ɗaya daga cikinsu aka kai Oga asibiti. Idonsa na hagu bai dawo ba. Ni ban motsa daga gindin itacen ba.

Da la'asar na nemo bidiyon a wayata, na daure na kalle shi har ƙarshe. Akwai mota a bayan masu saran, lambarta ba ta ƙasar nan ba ce.

Na daina fita, abinci ma sai da faɗa. Inna ta karɓe wayar, ta saka cikin kwalla ta rufe, ta tura ni Argungu wurin kawuna, ana dashen shinkafa. Wuni muke yi a duƙe cikin laka, hannu ba ya samun sararin rawa. Kawu yakan kunna rediyo sau ɗaya da safe, in an gama labarai ya kashe, ya yi wa mamata addu'a, ya ɗauki fartanya. Shi ne kuma ya kai ni wurin likita, wanda ya ce ciwon damuwa ne, ba ni kaɗai ba ne, kuma ana magani. Ba zan ce na warke ba. Na dai koma cin abinci.

Bayan an yanke shinkafa na dawo, na tafi shagon, na gaya wa Oga ni aka tambaya, kuma ban kalla ba. Ya daɗe yana duba na da ido ɗayan.

"Malam Digiri, da ka ce ba ka sani ba mana."

Bai ce ya yafe ba, bai kuma kore ni ba. Ya juya ya ci gaba da jera kayansa.

Yanzu labarai sau ɗaya nake ji a wuni. In an miƙo mini waya, nakan ce ba zan iya kallo ba, ko an yi mini dariya.

Waɗanda ke wurin ranar, ina roƙo ku aiko mini da gyara. Wasu sun ce tsofaffin biyu ne. Sannan ni ina tuna na ce "da alama", amma ina tsoron ko daga baya na ƙara ta don in samu sauƙi. Wanda ya ji da kunnensa, ya faɗa mini.