Abdulgani Mai Haƙar Rijiya da Likitocin Kalgo

A ƙasar Gwandu, daga Maruda har Kambaza, da wuya mutum ya sha ruwan rijiyar da hannun Abdulgani bai taɓa ba. Ko dai shi ya haƙa ta, ko shi ya yashe ta bayan ta cushe. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana. Wurin mahaifinsa ya koyi sana'ar, tun yana jawo ƙasa da guga a bakin rami har ya kai ga shiga da kansa. An san shi da hali guda: in ya fito daga rijiya, kafin ya kurɓi ruwa sai ya bi waɗanda suka riƙe masa igiya ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Matarsa Kubura 'yar masuntan Kalgo ce, mai surutu da dariya. Maƙwabta a Maruda kan ce ita ke yin maganar gidan duka, shi nasa gyaɗa kai. 'Ya ɗaya Allah ya bar musu, Indo, tana aure a Kambaza.

A farkon shekarun tamanin aka yi fari. Ruwa ya gudu can ƙasa, rijiyoyi suka ƙafe, kowane ƙauye na aiko wa Abdulgani. Makiyaya sukan zo ƙofar gidansa su tsaya da sandunansu, su ce shanu sun kwana biyu ba su sha ba. Shi kuwa bai iya cewa a'a ba. Yana cikin wannan gajiya ne wani direban babbar mota ya miƙa masa ƙwaya a kasuwar Gwandu, ya ce masa manoma ma ita suke sha, mutum ya wuni yana aiki bai san ya yi ba. Gaskiya direban ya faɗa. Ranar Abdulgani ya yi aikin mutum biyu, ya koma gida yana jin kamar ya sake wani.

Fari ya wuce, ƙwaya ba ta wuce ba. Daga ɗaya ya koma biyu, daga baya shi kansa ya daina lura. Tuwo ya fita ransa, barci ya ƙaurace masa, kafaɗun nan suka zube. Mutumin da ba ya magana ya koma mai faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya daina gaida masu igiya, sai dai ya bi su da kallon zargi.

Wata rana da hantsi, yana yasar wata tsohuwar rijiya a Masama, ya zauna a ƙasanta ya ce ba zai fito ba. Wai ya ji na sama suna shawarar yanke igiya in ya kai tsakiya. Aka yi lallashi, limamin garin ya zo ya yi nasa, Abdulgani ya ƙi. Sai aka tura mai babur ya ɗauko Kubura. Da ta iso ba ta yi kuka ba, ba ta kuma roƙe shi ba. Ta ɗaure zanenta, ta kwanta rub da ciki a bakin rijiyar, ta shiga ba shi labarin gida kamar suna zaune a tsakar gida. Akuyarsu ta shiga dangar maƙwabta ta cinye musu rama. Jaririn Indo ya fara haƙori, ya ciji kakarsa ta wajen uba. Ta yi ta zuba har rana ta take. Can ta ce, "Malam, ni ce riƙe da igiyar ga. Hannuna ya fara gajiya, ka taho mu tafi gida."

Ya ɗaura igiyar a ƙugu, aka jawo shi.

Mutane suka ce aljanun tsohuwar rijiya ne. Aka yi masa rubutu, aka yi hayaƙi, Kubura ba ta hana ba, ita ce ma ke dama rubutun ta ba shi. Amma ita ke wanke masa tufafi, ta san abin da take tsinta a aljihunsa.

Yayanta Jibrin, wanda ya bar su ya koma noman shinkafa a Kalgo, shi ya zo da labari. Ya ce wasu likitoci daga jami'a a Sakkwato suna zuwa ɗakin shan magani na garinsu ranar kasuwa, suna bincike a kan masu shan ƙwayar aiki, manoma da direbobi da 'yan dako. Ya ce akwai ɗaki a gidansa. Abdulgani ya ce shi ba mahaukaci ba ne da za a kai shi a yi kallonsa. Kubura ta ce to shi kenan, ita dai ta daɗe ba ta ga gida ba, ya raka ta. Ya san dabara ce, amma ya ɗauki buhun kayansu ya bi ta.

Shugaban masu binciken, Likita Lawal, siriri ne mai gilashi, Hausarsa ta Zariya, har Kubura takan ɓoye dariya in ya yi magana. Ya zaunar da su biyun a benci ya yi musu bayani dalla-dalla. Ya ce wannan bincike ne, jami'a ce ta ɗauki nauyinsa. Za a auna jinin Abdulgani, a duba bugun zuciyarsa, a yi masa tambayoyi duk zuwa. Za a ba shi maganin da zai kwantar da muryoyin da yake ji. Bayan haka wasu za su riƙa ganin likita su kaɗai, wasu kuma su zauna a taro da 'yan uwansu masu irin matsalar, kowa da wani nasa na gida, kuma ƙuri'a ce za ta raba. Duk ranar da ya ga ya gaji, yana iya tafiyarsa, ba wanda zai riƙe shi.

Abdulgani ya tambaye shi wace hanya ta fi. Likita Lawal ya ce ba su sani ba, abin da suka zo nema ke nan.

 Tun da ciwon ya sami Abdulgani, kowa ya zo da tabbacin abin da ke damunsa da maganinsa, sai wannan likita kaɗai ya ce bai sani ba. Ya ce, "Awo. Wanga ya fi mini. A sa ni."

Ƙuri'a ta jefa shi cikin masu taro. Makonnin farko sun yi tsanani. Jikin da ya yi shekara da shekaru bai huta ba ya faɗi warwas. Ya wuni kwance a zauren Jibrin, in ya farka sai hawaye, ba tare da ya san dalili ba. Ya ce wa Kubura ya zama kaya, ta koma Maruda ta bar shi. Ta ce ai kuwa ta saba ɗaukar kaya, ta ɗora masa kai a cinyarta tana ba shi romon kifi da ludayi. A taron ranar kasuwa kuwa, ƙarƙashin dalbejiyar ɗakin shan magani, ya fi wata bai ce uffan ba. Kubura ce ke amsa tambayoyin da aka yi masa, har Likita Lawal ya roƙe ta cikin ladabi ta bar Malam ya gwada. Ran da ya buɗe baki, labarin rijiyar Masama ya ba su. Wani ɗan dako da ke gefe ya sunkuyar da kai ya ce shi ma ya taɓa jin buhunan albasa suna zaginsa. Aka yi dariya, har da Abdulgani, karon farko cikin shekaru.

Da kaka ta yi, aikin yankan shinkafa ya yi wa Jibrin yawa. Abdulgani ya ji kunyar ci da kwana a gidan suruki ba ya taɓuka komai, ya je bayan tasha ya sayi ƙwaya. Ya yi yanka kamar inji, muryoyin suka dawo. Ba wanda ya kama shi, shi ya je da ƙafarsa ya faɗa wa likita, yana jiran a kore shi. Likita Lawal ya gode masa. Ya ce da yawa sukan koma, kaɗan ne ke faɗa, kuma sanin abin da ke mayar da mutum na cikin abin da suke nema. Jibrin da ya ji, ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce da shinkafar ta ruɓe a gona ya fi masa. Daga nan aka sake farawa.

Binciken ya ƙare wajen lokacin da aka ƙirƙiro jihar Kebbi. Likita Lawal ya dawo takanas ya tara su ya gaya musu abin da aka gano. Ya ce a cikin mutanen da suka duba, waɗanda na gida suka riƙa rakowa sun fi jurewa, amma ba duka ba, kuma akwai sauran aiki. Ɗan dakon nan ba ya wurin, ya koma wa ƙwaya ya bar gari. Abdulgani ya yi ta cigiyarsa a tashoshi, bai same shi ba, abin kuma bai bar ransa ba.

Ba su koma Maruda ba. Abdulgani bai sake shiga rijiya mai zurfi ba. Ya koma haƙa ƙananan rijiyoyin fadama ga masu noman rani, yana aiki da safe, rana ta yi zafi ya ajiye dagi ya nemi inuwa. In ya ga saurayi yana aiki ba ci ba hutu, ido jajir, ba ya yi masa wa'azi. Yakan kira shi su ci ɗumame tare, in hira ta yi nisa ya faɗa masa abin da ya same shi.

Can wajen ƙarshen shekarun casa'in ciwon suga ya kama Kubura. A asibiti aka gargaɗe su cewa ƙaramin rauni a ƙafa na iya zama babba, a riƙa dubawa kullum. Abdulgani ya ɗauki maganar da gaske fiye da kima. Kowace safiya kafin ya fita fadama sai ya zaunar da ita a kan turmi, ya ɗora ƙafarta a gwiwarsa, ya bi 'yan yatsun ɗaya ɗaya yana neman ƙaya ko tsaga, sannan ya shafa mata man kaɗe. Matan gidan Jibrin suna leƙe suna ƙunshe dariya. Kubura takan ce ya sake ta haka nan, jikoki na kallo, wake kuma na kan wuta.

Shi kuwa yakan ce, "Wake ya jira. Miƙo ɗayar."