Ranar da Aka Ce In Kira Shi Baba

Har yau idan na wuce ta shagon masu guga, ƙamshin sabon yadi da dutse ya hau kansa ya bugi hancina, sai in ɗan tsaya. Kai da kake karanta wannan, wataƙila safiyar sallah yake tuna maka. Ni wata farar riga mai gajeren hannu yake tuna mini, da wando da ya yi mini yawa a ƙugu, waɗanda mahaifiyata ta goge mini da dutsen gawayi a gidanmu na unguwar Misfala.

Gidan a gangare yake, inda ruwan duwatsun Makka yake bi idan sama ta zubo. Ruwan ba ya yawan zuwa, amma ran da ya zo sai an naɗe tabarmi an hau da su soro. Kakata ce ta kafa gidan. Ita da kakana a ƙasa suka taso daga ƙasar Kano, suka yi shekaru a Sudan suna ƙwadago a gonakin auduga. Shi a can ya rasu, ita ta haye teku da 'ya'ya biyu, mahaifina da ƙanwarsa, wato gwaggona. Babu mai iƙama, wato takardar izinin zama, a cikinmu. Mahaifina wanki yake yi da dakon kayan alhazai, Gwaggo kuma tana sayar da tsabar tattabaru a hanyar Harami. Idan aka ce ga motar jawazat, masu kamen marasa takarda, a bakin layi, kowa ya san ƙofar da zai faɗa.

Mijin Gwaggo shi ne mutumin da nake so in ba ka labarinsa. Mu yara Baffa muke ce masa, manya kuma Ba'amurke. Dogo ne, baƙi kamar mu, har 'yan sanda ma ɗan Takari irinmu suke ɗaukarsa. Tun kafin in yi wayo Kakata ta tsince shi a wani masauki bayan alhazai sun watse, zazzaɓi ya kayar da shi, ba mai ba shi ko ruwa. Ta sa aka ɗauko shi, ta yi ta ɗura masa kunun tsamiya har ya miƙe. Da ya miƙe bai tafi ba. Ya kafa tebur a zaure yana gyaran rediyo da fanka, ya koyi Hausa a bakin Kakata, daga baya aka ɗaura masa aure da Gwaggo a tsakar gida. Allah bai ba su haihuwa ba.

Dalilin zamansa kowa ya sani a unguwa. Ƙasarsu tana yaƙi a Biyetnam, gwamnati tana ɗibar samari ko suna so ko ba sa so. Da aka kira shi, abokai suka ba shi shawara ya ce gwiwarsa na ciwo, ko ya yi kamar mai taɓin hankali, tunda da yawa sun kuɓuta ta haka. Ya ƙi. Ya je gaban masu tantancewa ya ce shi bai daɗe da musulunta ba, kuma ba zai je ya kashe mutanen da ba su yi masa komai ba. Aka sa masa ranar shari'a. Kafin ranar ta zo ya bi ayarin alhazai, bai koma ba. Fasfonsa ya ƙare a hannunsa, kuma ya san idan ya koma kurkuku ne.

A majalisar ƙofar gida dattawa sukan tsokane shi. Su da suka yi rayuwarsu suna neman ƙasar da za ta rubuta sunansu, sun kasa gane mutumin da yake da ita ya baro. Shi dai murmushi yake yi. Sau ɗaya na ji ya amsa, yana gyaran wata rediyo bai ɗago ba.

"Ni na gudu, aka ɗauki ƙanena. Wannan ne ba na iya barci da shi."

Wani lokacin sanyi, ba da daɗewa da watsewar alhazai ba, Baffa ya ji a rediyo cewa sabon shugabansu ya yafe wa duk waɗanda suka ƙi amsa kiran soja. Na ga ya kashe rediyon, ya zauna ya zuba wa bango ido. A hajjin da ya gabata wani ɗan garinsu ya gaya masa idon mahaifiyarsa ya kusa rufewa. Gidanmu ya cika da 'yan barka, Gwaggo ta soya ƙosai aka raba. Mahaifina ne kawai ya koma gefe, yana wani lissafi a ransa.

Lissafin nan ni ne. Ina da kamar shekara tara, ba makarantar gwamnati da za ta karɓe ni, ba abin da ke gabana sai kwandon wanki. Mahaifina ya ce idan Baffa ya je ofishin ƙasarsu da ke Jidda karɓar sabon fasfo, ya tafi da ni ya ce ni ɗansa ne, don ni ma a ba ni fasfo. Wa zai musa? Launinmu ɗaya, kuma ba inda aka taɓa rubuta haihuwata. Baffa ya ce abin da wuya. Mahaifina ya ce, "Uwata ta ɗauke ka kana bakin mutuwa. Mun ba ka ɗaki, mun ba ka mata. Me muka taɓa roƙonka?"

Kakata daga ɗaki ta ce ya ƙyale bawan Allah, amma ta tsufa, muryarta ta daina kaiwa inda take kaiwa da. Baffa ya sunkuyar da kai ya ce zai tafi da ni.

Aka shiga koya mini. In na ce Baffa sai a ɗaka mini tsawa, a ce Baba zan ce. Mahaifina da kansa yake zaunar da ni, ya nuna mijin ƙanwarsa ya ce wane ne wannan, in ce Baba. Ban san yadda abin yake masa a rai ba, ban kuma tambaya ba. Ni dai murna nake yi. Na riga na gaya wa yaran layinmu cewa jirgi zan shiga.

Ranar tafiya na sa farar rigar, aka ɗaure mini wandon da igiya. A Jidda na fara shiga ɗaki mai na'urar sanyi, har haƙorana suna haɗuwa. Ga tuta a kusurwa, ga wani Bature mai tabarau a bayan tebur. Suka yi ta Turanci, ba na jin ko kalma. Na ga Baffa ya miƙe ya ɗaga hannunsa na dama, yana maimaita abin da mutumin yake faɗa. Da ya zauna, sai Baturen ya nuno ni da alƙalami. Na gane lokacina ya yi. Na kama hannun Baffa da hannuwana biyu, na ɗaga murya yadda aka koya mini na ce, "Baba."

Baffa ya juyo. Ya dube ni, ya dubi mutumin, ya faɗi wata gajeriyar magana. Baturen ya gyaɗa kai, ya buɗe aljihun tebur ya miƙo mini alawa, ya ci gaba da rubutunsa.

Da muka fito ya kai ni bakin teku, ya saya mini lemo mai sanyi. Sai da na sha rabi ya ce, "Na ce masa kai ɗan yayan matata ne." Na tambaye shi yaushe ke nan za mu shiga jirgi. Ya ce, "Sun sa na rantse, ɗana. Na buɗe baki in faɗa, ya ƙi fita." Na ajiye kwalbar na yi ta kuka, ban yarda ya riƙe mini hannu ba har muka iso Makka.

Mahaifina bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Daga ranar ya daina sa hannu a tire ɗaya da Baffa. In Baffa ya yi sallama a zaure, sai ya amsa yana kallon wani wuri. Ana cikin haka maganar Gwaggo ta taso. A ofishin Baffa ya gaya musu yana da mata, suka ce za ta iya biyo shi in an kawo shaidar aure daga kotu. Malamin da ya ɗaura auren ya koma gida Najeriya, ɗaya shaidan ya rasu. Wanda ya rage shi ne waliyyi, mahaifina. Ga mutanen waje cewa yake yi tsoro yake ji, mara iƙama ba ya kai kansa gaban alƙali, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ina tsakar gida ranar da Gwaggo ta durƙusa a gabansa tana cewa Yaya ka dubi Allah, na kuma ji abin da ya ce mata.

"Bakinsa ya kasa cewa ɗana nasa ne. To ni ma nawa ya kasa cewa ke tasa ce."

Baffa ya jira har aka yi wani hajjin, ko zai huce. Bai huce ba. Gwaggo da kanta ta ce wa mijinta ya tafi ya ga mahaifiyarsa tun tana da rai. Ya bar mata teburinsa da kayan gyaransa, ya ce zai nemo hanya daga can.

Kusan kowace shekara sai wani alhaji daga ƙasarsu ya zo yana tambayar gidanmu, da gaisuwa da turmin atamfa, da labarin cewa Baffa yana nan yana bin ofisoshi a kan maganarta. Ko'ina shaidar nan dai ake tambayarsa. Kakata ta rasu. Masu neman auren Gwaggo suka zo, ta ce tana da miji. Ta ci gaba da zama a hanyar Harami da farantin tsabarta, tana dawowa ta dafa abincin da mahaifina yake ci. Ban taɓa jin ta sake tayar masa da maganar ba. Ina da ɗa na fari ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba.

Baffa ya dawo bayan na fara furfura. Lokacin mun koma unguwar Utaibiyya, ina aikin rakiyar alhazai a Mina idan lokaci ya yi. Ya bi tsofaffin Misfala da tambaya har aka kawo shi ƙofarmu, yana dogara sanda. Ya riga ya ji rasuwarta. Na kai shi maƙabarta, amma ka san kaburburan Makka ba suna, sai dai na nuna masa ɓangaren da nake zato. Ya tsaya cikin rana ya yi addu'a mai tsawo.

A hanyar dawowa ya ba ni labari. Ya tarar da mahaifiyarsa da rai, da tafin hannu ta shafa fuskarsa ta gane shi. Ƙanensa kuwa ya dawo daga yaƙi da ciwon da ya ci jikinsa a hankali, wai daga wani magani da ake fesa wa dazuzzuka. Shekara da shekaru Baffa yana tura shi a keke daga wannan ofis zuwa wancan, su da dubban irinsa, kafin gwamnati ta yarda cewa a yaƙinta ya samo ciwon. Ya ce gwamnatin da ta yafe wa wanda ya gudu, ita ce ta wahalar da wanda ya je. Abin da ya riƙe shi ke nan har ƙanen ya cika. Sai ya tsaya a gefen titi ya dafa kafaɗata.

"Ka yafe mini. Na sha tunanin abin da ka rasa saboda ni."

Na kama hannunsa muka ci gaba da tafiya. Gaskiyar ita ce na yi shekaru ina tunanin hakan ni ma.

Na shigar da shi wajen mahaifina, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Na yi zaton tsufa da ciwo sun sassauta shi. Baffa ya durƙusa da ƙyar, ya kama hannunsa mai lafiya ya ce, "Yaya, ina yini." Mahaifina ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juyo da ido kaina, ina tsaye da rigar aikin Mina, ya ce da harshensa da ya yi nauyi, "Dube shi. Har yanzu dako yake yi."

Baffa ya ce, "Na gani, Yaya. Allah ya yi masa albarka." Ya gyara masa mayafi, ya miƙe. Na raka shi har bakin titi, na kasa ɗaga kai in dubi fuskarsa. Bayan ya koma ba mu sake ji daga gare shi ba, sai labarin rasuwarsa da wani ya kawo.

Yanzu gidan Misfala babu shi. An rushe layin gaba ɗaya, wani dogon otal ne a wurin, ko gangaren da ruwa yake bi ba za ka gane ba. Na sami iƙama daga baya, 'ya'yana sun yi makaranta, Larabci ya fi musu sauƙi a baki. Abin da suka sani game da kakansu shi ne mutum ne mai ciyar da baƙi, wanda ya yi wanki har hannunsa ya tsage don 'ya'yansa su ci. Wannan duk gaskiya ne, kuma ni aka yi wa.

Bara da azumi, muna jiran a kira sallah, na ba su wannan labarin. Da Hausa na ba su, ina sane da cewa rabi za su ji. Da na gama, autata ta tambaye ni da Larabci, ta ce ba ta gane wajen da Gwaggo ta durƙusa ba, me kakanta ya ce mata? Na buɗe baki, sai aka kira sallah. Na miƙa mata dabino na ce ta sha ruwa tukuna. Ba ta sake tambaya ba, ni ma ban tuna mata ba.