Lambobin da Aka Ɗaura wa Sabon Dashe

Auta ce ƙarama a 'ya'yana, Allah ya jiƙanta. Lissafi ta karanta a jami'a, kuma wuri ɗaya ta yi wa aiki har ciwon da ya zama ajalinta: wata 'yar ƙungiya mai zaman kanta da ke dasa bishiyoyi a gefen kogi don hana ruwa cinye ƙasa. Ofishinsu ɗaki biyu ne a saman shagon fenti. Teburinta na jikin taga, ƙarƙashin wata fanka mai ƙara. Duk tallafin da gidauniyar da ke riƙe da su ta aiko, ta hannunta yake bi. Ita ta san abin da aka yarda a kashe da wanda ba a yarda ba, ita ke rubuta rahoto ta sa hannu. Abokan aikinta suna kiranta Ina-Rasit, domin ko igiya ka sayo sai ta miƙo maka hannu neman rasit kafin ta amsa gaisuwarka.

Tun tana yarinya take da ɗar-ɗar. Za ta kulle ƙofa, ta kai bakin titi, ta dawo ta taɓa kwaɗon. Mahaifiyarta takan ce wannan ko inuwarta ba ta yarda da ita ba.

Tallafin da nake magana a kai kashi biyu ne. Za a saki na biyun ne in dashen ya tsallake ranin farko da rai, kuma da shi za a biya masu ban ruwa a rani na gaba. Don a iya ƙirgawa, kowane dashe an ɗaura masa 'yar lamba ta ƙarfe da waya. Da damina ta kankama, mutanen lambu suka zagaya suka ƙirga masu lamba da ke da ganye, suka aiko mata. Ta rubuta cewa tara cikin goma sun rayu. Gidauniya ta yi murna, ta ce za ta turo jami'arta ta gani da ido.

Motar ƙungiyar na wurin makaniki, sai Auta ta ce, "Abba, ko za ka kai ni in ga wurin kafin baƙuwar ta zo?"

Muka je da hantsi. Filin ya fara daga bakin kogi ya hau wani tudu mai tsakuwa. A ƙasa dashen sun kai mata ƙugu. Da muka hau tudun sai ta rage tafiya. Layi ɗaya, lambobi na bin juna, amma wani ya kai ƙugu, na kusa da shi ko gwiwa bai kai ba. Ta tsuguna ta juya lambar, ta kira tsohon da ke shugabantar masu ban ruwa.

"Baba mai lambu, wannan me ya hana shi girma?"

"Ai jariri ne, 'yata. Bayan ruwan farko na sa shi."

"To lambar fa?"

"Ta wanda ya mutu a ramin ce. Ƙarfe mai kyau haka, sai in jefar?" Ya yi dariya. "Ko so kike in bar rami wayam, awaki su riƙa leƙowa suna yi mana dariya?"

Da hannunsa ya raini sababbin a bayan gidansa, bai nemi ko sisi ba. A wurinsa haka ake aikin lambu: in dashe ya mutu, ka cike gurbinsa. Ta tambaye shi nawa ya cike. Ya ce bai ƙirga ba, amma na tudun kusan duka ne.

A mota ta ɗora hannu biyu a cinya har muka shiga gari. Sannan ta ce, "Abba, ban taɓa gaya musu kada su taɓa lambobin ba. Ban zaci sai an faɗa ba."

Na jira ta a benci a ofis. Ƙofar shugaban ƙungiyar ba ta rufuwa sosai, don haka na ji su.

"Bishiya tana tsaye ko ba ta tsaye?" in ji shi. "Wa ya yi ƙarya a nan? Tsoho ya yi aikin kirki."

"Ranka ya daɗe, tambayarsu nawa suka rayu cikin waɗanda muka dasa bara. Amsar da na ba su ba haka take ba."

"Ina-Rasit, ki saurare ni. Ki fara kai baƙuwar bakin kogi. Kafin ta gama ɗaukar hoto rana ta take, ita da kanta za ta nemi mota. Ba ki ce komai ba, ban ce komai ba."

"Hannuna ne a kan rahoton."

"To hannun naki zai ciyar da mutanen lambu in aka tsayar da mu?"

Ta fito ta same ni a benci. Shi ma ba mugun mutum ba ne. Ya san sunayen 'ya'yan kowane mai ban ruwa.

Kwanakin da suka rage ba ta ci abin kirki ba. Za ta zauna a falo da kwamfuta a buɗe, ba ta rubuta komai. Mahaifiyarta ta ce, "Ki ci mana, bishiyar ba guduwa za ta yi ba." Ta yi murmushi, ta tura kwanon gefe. Sau ɗaya ta tambaye ni ra'ayina. Na ce duk hanyar da ta bi akwai wanda zai ji jiki, ta ce ai ta sani.

Ranar da jami'ar ta zo ban bi su ba, daga bakin Auta na ji. Tun a mota, shugaban na zaune a gaba, ta ce wa direba ya wuce kai tsaye zuwa tudu, ta kuma yi wa baƙuwar bayanin komai kafin su sauka. Matar ba ta nuna fushi ba, ba ta kuma ce an gode ba. Ta bi layukan tana auna dashen da sandar mai lambu, tana rubutu. Tsohon yana biye da ita yana nuna mata jariransa ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa cike da fara'a. Da za ta tafi ta ce za su ji daga gare su.

Jiran ya fi komai wuya. Ruwa ya fara ɗaukewa, ganyen tudun ya fara laushi. Shugaban yana amsa gaisuwarta da ka. Duk lokacin da wayarta ta yi ƙara sai ta zabura, ta duba, ta kife ta.

Amsar ta zo a ƙarshen damina. Gidauniya za ta ci gaba da tallafin, amma na bakin kogi kawai. Ta cire tudun, ta ce a sake ƙirge da sababbin lambobi masu wani launi. Ma'anarsa rabin masu ban ruwa ba su da aiki.

Shugaban ya ce zai aika direba ya sanar da su. Auta ta ce a'a, da bakinta za su ji. Ni na sake kai ta. Suka taru a inuwar tankin ruwa, ta faɗa musu yadda abin yake, ba ta rage ba, ba ta ɗora wa tsohon ba. Wani ya tuɓe hularsa ya mayar. Wani ya tambayi ranar ƙarshe, ta faɗa masa.

Baba mai lambu ya daɗe yana kallon tudun. Sannan ya ce, "To, 'yata, waɗancan na sama wa zai ba su ruwa?"

Ta ce, "Ban sani ba, Baba."